Haƙorana da Kafson Ƙuruciya: Labarin Aikin Ƙara Musu Haske

Ni malamar makarantar sakandare ce a Kano, kuma na haura shekara 40 a duniya. Mafi yawan waɗannan shekarun na yi su ne da haƙora masu launin toka-toka da ratsin ruwan ƙasa a gindinsu, har zuwa lokacin da aka yi mini aikin ƙara musu haske a asibitin haƙori. Tun daga nan mata da yawa, daga abokan aiki zuwa dangi da iyayen ɗalibai, suke yi mini tambaya iri ɗaya, wato ko na gamsu da aikin, kuma ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amsata ita ce na gamsu ƙwarai da gaske, sai dai wannan amsa ba za ta amfani kowa ba matuƙar bai san irin haƙoran da na kai asibiti ba, da abin da aka faɗa mini kafin a taɓa su, da abin da na samu daga ƙarshe. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ba da labarin tun daga tushe.

An haife ni a wani ƙauye na ƙasar Katsina a farkon shekarun 1980, kuma ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Kamar yadda aka ba ni labari, tun ina goye nake fama da yawan gudawa da zazzaɓi, ga shi asibiti yana da nisa, ga hanya ba ta biyuwa da damina. Abin da yake kusa da jama'a shi ne mai tallan magani da yake zuwa ranar kasuwa a kan keke, kuma a cikin kayansa babu abin da aka fi amincewa da shi irin kafson nan mai kai ja da gindi ruwan ɗorawa. Idan ciki ya ɓaci sai a buɗe kafso a zazzage garinsa a cikin cokalin koko a ɗura wa yaro, kuma sau da yawa akan ga sauƙi, saboda haka babu wanda ya taɓa zargin cewa yana barin wani tabo. Sunan maganin tetirasaikilin, amma a ƙauyenmu kafso kawai ake ce masa, kuma an sha ɗura mini shi tun kafin a yaye ni har na isa shiga makarantar allo.

Lokacin da na yi famfara, sababbin haƙoran da suka fito sun fito ne da launin ɗorawa mai duhu, kuma a hankali na gaban suka riƙa rinewa suna komawa toka-toka. Goggona, ƙanwar mahaifina, ita ce ta fi kowa damuwa, domin a ganinta ƙazanta ce da rashin goge baki. Kowace safiya takan zaunar da ni a bakin rariya ta daka gawayi da gishiri ta dirje mini haƙora da yatsa har dasashina ya yi jini, daga baya aka koma toka, aka koma kanwa da lemun tsami, sannan aka saya mini aswaki na musamman daga hannun alhazai. Duk wannan ɗawainiya ta ƙauna ce, amma ko ɗigo launin bai motsa ba, abin da na samu kawai shi ne haƙora masu mutuwa da zarar na sha abu mai tsami ko mai sanyi.

Kakata ta wajen uwa ba ta taɓa ganin aibin haƙorana ba. A zamaninsu mace mai ji da kanta takan ci goro ta goga furen taba har haƙoranta su yi jawur, kuma wannan shi ne ado a wurin biki. Takan ce da Goggo, “Ki ƙyale yarinyar nan, mu da kuɗinmu muke sayen fure don mu samu launi, ita ga shi Allah ya ba ta.” Amma zamanin da na tashi a ciki ba nata ba ne. Talabijin da mujallu da allunan tallan man goge baki sun riga sun koya wa kowa cewa farin haƙori shi ne tsafta, shi ne wayewa, kuma duk wanda nasa suka saɓa wa haka to da alamar tambaya a kansa.

A makarantar kwana ta 'yan mata ne na san zafin abin. An laƙaba mini sunan mai cin goro alhali ban taɓa tauna shi ba, kuma na koyi yin dariya da tafin hannu a kan baki, na koyi yin magana ba tare da ɗaga leɓen sama sosai ba, har waɗannan suka zame mini ɗabi'a da nake yi ba tare da na sani ba. Da na fara koyarwa sai abin ya ƙara yi mini nauyi, domin aikin malami gaba ɗayansa a baki yake, kuma yara suna kallon bakin mai yi musu bayani fiye da yadda suke kallon allo. Akwai iyayen da suka ɗauke ni mace mai tsare gida, marar fara'a, alhali ba haka zuciyata take ba. A hotunan bikina babu ko ɗaya da na buɗe baki a cikinsa. Maigidana, Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa furta kalma ɗaya a kan haƙorana ba, amma shirun masoyi ba ya cire wa mutum abin da ya ɗauko tun yana ƙarami.

Na daɗe ina jin labarin aikin ƙara wa haƙora haske, sai dai abin da ya faru da wata abokiyar aikina ya sa na ja baya. Ana saura 'yan kwanaki bikin ƙanwarta ta je wani shagon kwalliya da ta gani a Instagram, inda ake lalle da gyaran jiki, kuma aka ƙara da wankin haƙori a cikin jerin ayyukansu. Babu wanda ya duba bakinta ko ya tambaye ta tarihin lafiyarta. An shafa mata wani farin sinadari, aka haska mata fitila mai shuɗin haske, aka ɗauke ta hoto kafin da bayan aikin. Ta dawo makaranta haƙora fes, amma dasashinta ya yi fari-fari ya ƙone a wurare, kwana biyu ba ta iya cin abinci mai yaji ba, kuma kafin a gama shagalin bikin hasken ya ragu sosai. Mafi muni, tana da ciko a haƙorinta na gaba, wanda ya tsaya da tsohon launinsa ya fito fili a tsakiyar sauran. Da ta koma ta yi ƙorafi sai aka ce mata ita ce ta sha shayi. Wannan mata har yau idan aka ambaci aikin a gabanta cewa take yaudara ce, kuma bisa abin da ta gani tana da hujjarta.

Ni kuwa ba neman kwalliya ne ya fara kai ni wurin likitan haƙori ba. Wani ɗan rami ne ya ɓullo a gefen haƙorina na gaba yana yi mini zugi, na je a cike shi. Likitar mace ce mai natsuwa, ta kwantar da kujera, ta kunna fitila, ta daɗe tana duba bakina da ɗan madubin nan mai dogon hannu, sannan ta sauke takunkuminta ta ce, “Malama, a ƙauye kika tashi ko a birni?” Na ce a ƙauye. Ta ce, “Kina yawan rashin lafiya kina ƙarama? An riƙa ba ki kafso?” Na tsaya ina kallonta, domin ban ga abin da ya haɗa kafso da ramin haƙori ba. Sai ta miƙo mini madubi ta nuna mini ratsin da ya kewaye haƙorana a jere, a daidai wuri ɗaya a kan kowanne, ta ce, “Wannan ba datti ba ne, Malama, kuma ba laifin burushinki ba ne. Maganin da aka ba ki ne ya shiga cikin haƙoran tun suna ƙarƙashin dasashi ba su fito ba. Ko za ki shekara kina gogewa ba zai fita ba.” Na yi ƙoƙarin in daure, amma hawaye suka zubo mini a kan kujerar, domin tun ina yarinya nake ɗauke da zargin ƙazanta, sai a ranar aka wanke ni da magana ɗaya.

Ta bar ni na natsu, sannan ta yi mini bayanin da har yanzu nake ganin shi ne rabin aikin. Ta ce haƙori yana da ɓawo mai tauri a waje da ake kira inamel, wanda haske yake ratsawa, a ƙarƙashinsa kuma akwai dentin mai launin ɗorawa, kuma launin da ido yake gani haɗin waɗannan biyun ne. Tabon goro da shayi da taba a saman ɓawon yake zama, shi kuwa tetirasaikilin manne wa sinadarin kalsiyam yake yi a lokacin da haƙori yake ginuwa, ya zauna a cikin dentin, sannan hasken rana ya riƙa ƙara masa duhu, shi ya sa na gaba suka fi na ciki rinewa. Ta kwatanta mini da datti da rini a jikin tufafi: datti wanki yake buƙata, amma abin da aka tsoma a marina ya shiga zare, sai da wata dabara daban. Ta ƙara da cewa likitoci sun gano wannan illa tun ƙarshen shekarun 1950, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta a 1963, shi ya sa ba a ba mai ciki wannan magani, ba a kuma ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Gargaɗin ya girme ni da kusan shekara 20, amma bai iso kasuwar ƙauyenmu ba.

Da na tambaye ta ko akwai abin da za a iya yi, sai ta ɗauko wani ɗan allo mai jerin haƙoran roba guda 16, ma'aunin launi na kamfanin VITA, ta riƙa kara su ɗaya bayan ɗaya a jikin haƙorina har ta tsaya a can ɓangaren masu duhu, ta ce ratsin gindin ma ya fi kowanne a cikinsu duhu. Sannan ta nuna mini B1, wanda ya fi duka haske a jerin, ta ce, “Kin ga wannan? Ki cire shi daga ranki, ba za ki kai nan ba. Abin da nake fata shi ne mu kawo ki tsakiya, ratsin ya dusashe amma ba zai ɓace gaba ɗaya ba. Kuma irin naki ba aikin zama ɗaya ba ne, yakan ɗauki wata 2 zuwa 6 kina sa magani kowane dare. Haƙoran za su yi miki zugi a wasu ranaku. Cikon da zan yi miki yau ba zai canza launi ba, sai mun sake shi daga baya, kuma wannan wani kuɗin ne daban. Ki je ki yi tunani.” Ba ta nuna mini hoton wata tauraruwa ba, ba ta kuma ce in biya a ranar ba. A ganina duk gamsuwar da na samu daga baya a wannan zaman aka gina ta, domin na fita na san iyakar abin da zan saya da kuɗina.

Akwai abubuwa biyu da suka sa ban fara nan take ba. Na farko, ina shayarwa a lokacin, kuma likitar ta ce ƙa'idarsu ita ce a jinkirta aikin ga mai ciki da mai shayarwa, tun da ba na gaggawa ba ne, saboda haka na jira har na yi yaye. Na biyu kuwa shakka ce ta addini, domin na san an yi hani a kan fiƙe haƙora don yin wushirya, kuma na ji tsoron kada wannan ma ya shiga canza halittar Allah. Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce mini gusar da aibin da ya afka wa jiki daban yake da sauya halitta don neman ƙarin kyau, ya kuma kawo mini labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya. Sharaɗin da ya gindaya mini shi ne kada abin ya cutar da lafiya. Da na kai maganar ga maigida, ya ce shi dai bai ga abin gyara ba, amma tun da abin yana damuna zai taimaka da rabin kuɗin, wanda gaba ɗayansa ya kusa cinye albashina na wata.

Aikin ya fara ne da wankin haƙori na asibiti, inda aka kankare duk tsatsar da ta taru a gindin haƙora, aka ɗauki hotonsu don a tabbatar babu ruɓa ko ciwon dasashi, domin sinadarin idan ya samu rami yakan shiga har jijiya. Bayan haka aka cusa mini wani abu mai danƙo a baki aka ɗauki siffar haƙorana, da ita aka ƙera mini roba siririya mai haske, ta sama da ta ƙasa, wadda take zama daram a kansu. Aka ba ni maganin a cikin 'yan sirinji, sunansa kabamaid feroksaid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, wanda idan ya narke a baki yakan saki haidirojin feroksaid kusan kashi 3.5, shi ne yake ratsa ɓawon haƙori ya wargaza launin da ke ciki a hankali. Likitar ta ce wannan hanya ta sa roba da dare wasu likitoci biyu ne na Jami'ar North Carolina a Amurka, Haywood da Heymann, suka bayyana ta a 1989, kuma ga irin tabona ta fi wadda ake yi a kujerar asibiti da sinadari mai ƙarfin kashi 25 zuwa 40. Ta kuma warware mini sirrin abin da ya faru da abokiyar aikina: haƙorin da aka bari a buɗe na tsawon lokaci yakan bushe ya yi fari na ɗan lokaci, idan ya sake shan yawu sai wani ɓangare na hasken ya tafi, kuma fitilar da ake haskawa ba ita ce take yin aikin ba, sinadarin ne.

Kowane dare bayan sallar isha'i da cin abinci nakan goge baki, in ɗiga maganin ɗan ƙanƙane a gurbin kowane haƙori a cikin robar, in sa ta, in share abin da ya tsattsafo kan dasashi da auduga, sannan in kwanta. Da asuba in cire, in kurkure baki, in wanke robar da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana lanƙwasa ta. A makonnin farko ban ga wani canji ba sai a bakin haƙoran, can wurin da suke cizo, gindin kuwa yana nan yadda yake. Da ba a gaya mini tun farko cewa haka abin yake tafiya ba, da a nan zan yanke ƙauna in ajiye.

Zugin kuma ya zo kamar yadda aka faɗa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Farkon aikin ya faɗo a cikin hunturu, sai ya zama idan na fito da safe na shaƙi iska ta baki nakan ji wani abu ya tsira daga haƙoran ƙasa har cikin kaina, kurkurar baki a alwalar asuba ma sai da na koma yi da ruwan ɗumi. Na kira likitar, ba ta raina kukana ba, ta ce in huta dare biyu, in koma sa robar dare ɗaya in tsallake ɗaya, in kuma riƙa amfani da man goge baki mai sinadarin fotasiyam naitiret, har ma in zuba shi a cikin robar in sa na ɗan lokaci kafin maganin. Da haka zugin ya lafa ya zama abin da zan iya jurewa, kuma bayan na kammala aikin ya tafi gaba ɗaya. Na lura cewa samun wanda zan kira ya saurare ni a lokacin da nake jin ciwo ya yi tasiri a kan ra'ayina game da aikin daidai da yadda launin da na samu ya yi.

Bayan wasu watanni muka sake kara ma'aunin launi, kuma haƙorana sun dawo tsakiyar jerin kamar yadda ta yi hasashe, wasu ma sun ɗan zarce. Tokar ta tafi, abin da ya rage launi ne mai ɗan ɗorawa irin na mutane da yawa, sai wani siririn ratsi a gindin fiƙoƙina da wanda ya matso kusa ne kawai zai gani. Ta sa na jira mako 2 kafin ta sake mini cikon gaba, domin launin ya zauna, kuma don ciko ba ya kama haƙori da kyau idan sauran sinadarin bai gama fita ba. Wanda bai san ni a da ba ba zai kalli bakina ya ce an yi masa aiki ba, hasali ma ba zai kalli bakina ba sam, kuma wannan shi ne abin da nake nema tun ina makarantar kwana. Ɗalibaina na ajin ƙarshe ne suka fara cewa Malama ta koma mai fara'a, ba tare da sun san dalili ba.

Abin da ya fi yi mini wuya a cikin lamarin shi ne yadda zan gaya wa mahaifiyata asalin tabon. Da na je gida ta ga canjin ta tambaya, na yi mata bayani a taƙaice, ina kaffa-kaffa da maganar kafso, amma ta gane. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, ba tare da ta ambaci sunana ba kamar yadda ta saba saboda alkunyar 'yar fari, “Ashe ni na yi wa yarinyar nan haka da hannuna.” Na ce, “Inna, kada ki faɗi haka. Yara nawa gudawa ta kashe a garin nan a lokacin? Ke abin da kika samu kika ba ni don in rayu, kuma ga ni na rayu.” Har zuciyata haka nake gani. Laifin yana kan tsarin da ya bar maganin da sai da takardar likita ya kamata a sayar da shi yana yawo a faranti a kasuwa, kuma abin takaici har yau ana sayar da shi haka. Tun daga lokacin Inna ta zama mai hana jikokinta da 'ya'yan maƙwabta kafso, tana tura iyayensu su haɗa ruwan gishiri da sukari su kai yaro asibiti.

Bayan nawa aikin na raka mutane biyu wurin likitar, kuma abin da ya faru da su ya ƙara nuna mini cewa sunan aikin ɗaya ne amma masu nemansa ba ɗaya ba ne. Yayana ɗan kasuwa ne mai cin goro da shan shayi, haƙoransa sun yi ja har sun fi nawa muni a ido. Shi wankin haƙori kawai aka yi masa a zama ɗaya, ya tashi yana ta godiya, ba a ma kai ga maganar sinadari ba, sai gargaɗin cewa idan ya koma wa goro tabon ma zai dawo. Ta biyun wata maƙwabciyata ce da aka auro daga Tibiri ta jihar Maraɗi a Nijar, garin da yaransa suka sha ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fulorayid daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000, har ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fulorayid a ruwan sha a miligiram 1.5 cikin kowace lita, nasu kuwa ya ninka haka. Haƙoranta suna da ɗigo-ɗigon fari da ruwan ƙasa da ƙananan ramuka a ɓawonsu. Likitar ta gaya mata ƙarara cewa maganin da na yi amfani da shi zai rage ruwan ƙasan, amma ba zai cike ramukan ba, kuma fararen ɗigon za su iya ƙara fitowa da farko, saboda haka abin da zai fi yi mata amfani shi ne a ɗan goge saman ɓawon sannan a lulluɓe na gaban da ciko mai launin haƙori. Ba ta da kuɗin a lokacin, ta koma gida ba a yi mata komai ba, amma ta ce mini ta fi son haka da a karɓi kuɗinta a ba ta abin da ba zai yi ba. Sai bayan shekara guda, da ta tara kuɗin, ta koma.

Wannan ne ya sa raina yake ɓaci idan na ga tallace-tallacen da suka cika wayoyinmu, na garin gawayi da ruwan da babu sunan sinadari a jikin kwalbarsa, da alƙawarin haƙora farare tas cikin minti 30 ga kowa da kowa. Gawayi da toka kankare ɓawon haƙori suke yi, lemun tsami kuma narkar da shi yake yi, ɓawon nan kuwa ba ya sake tsirowa, kuma gwargwadon siranta shi gwargwadon yadda ɗorawar da ke ƙarƙashinsa take ƙara bayyana. A ƙasashen Tarayyar Turai, wata doka da aka kafa a 2011 ta hana sayar wa jama'a kai tsaye duk abin da ya wuce kashi 0.1 na haidirojin feroksaid, daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. A nan Nijeriya muna da majalisar da take yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista, muna da hukumar NAFDAC mai sa ido a kan magunguna da kayan kwalliya, kuma haƙƙin mai zuwa ne ya tambayi wanda zai sa masa sinadari a baki ko yana da rajista, ya kuma nemi ganin kwalin abin da za a shafa masa. Ina ganin 'yan matanmu da ake shirya wa aure su ne suka fi faɗawa wannan tarko, saboda ana haɗa musu aikin a cikin gyaran jikin amarya ana saura kwana kaɗan, lokacin da ba damar tambaya balle jira.

Yanzu an yi 'yan shekaru da kammala aikina, kuma launin ya ɗan ja baya kaɗan, abin da aka riga aka sanar da ni cewa zai faru. Robar tana nan a ajiye a cikin akwatinta, kuma idan na je duba haƙora na shekara likitar takan ba ni sirinji ɗaya in yi 'yan darare in maido da hasken. Ban daina shan shayi da zoɓo ba, sai dai nakan kurkure baki da ruwa bayan na sha, kuma na koma burushi mai laushi tare da aswakina. A zuwana na baya ta gaya mini cewa idan ina son ratsin da ya rage ya ɓace gaba ɗaya, akwai hanyar manna wa haƙoran gaba siririn ɓawon tangaran, sai dai sai an ɗan fiƙe lafiyayyen haƙori kafin a manna, ba a komawa baya idan an yi, kuma bayan wasu shekaru sai an sake sabo. Na yi shawara da maigida, na kuma yi tunani a kan kuɗin makarantar yara da ke gabanmu, sannan na koma na shaida mata cewa a bar su haka, za mu ci gaba da dubawar shekara-shekara kawai.